Malam Edita, bindigar da ke cikin hoton nan ba kalash ba ce

Ranka shi daɗe Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kai da duk ma'aikatanka kuna lahiya, ya aiki, ya haƙuri da wanga zahi. Ni mai karatun jaridarku ne daga nan Tawa, malamin lakwal ne, tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa a kolaj shekara ashirin da ƴan kai, kuma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, shi ma don abin ya tsaya mini a wuya ne tun ranar da na gan shi.

A bugun da kunka yi na tunawa da cikar shekara 80 da ƙarewar yaƙin duniya na biyu, wanda tsohhinmu ke ce ma yaƙin Hitila, kun sa hoton wani soja baƙar fata da doguwar hula, yana tsaye ya dogara bindiga, a ƙasan hoton kunka rubuta wai sojan ƙasar Senegal riƙe da kalash. Kuskure biyu ke nan cikin layi guda. Ba don in ci muku fuska nake faɗi ba wallahi, na san aikin jarida a gaugauce ake yinsa, ga intanet ta cika da hotuna marasa uwa marasa uba, amma ƴan lakwal ɗina na karanta ku, kuma abin da jarida ta faɗi ya fi maganar mushe, wato malaminsu, ƙarfi a wurinsu.

Bari in fara da kalash don ita ce mai sauƙi. Yaƙin ya tashi ranar 1 ga Satumba 1939 da Jamus ta auka ma Poland, ya ƙare a Turai ranar 8 ga Mayu 1945, Japan kuma ta sa hannu 2 ga Satumba na wannan shekara. Shi mai sunan, Mikhail Kalashnikov, a cikin yaƙin sojan tanka ne ma, har an ji masa rauni a 1941, bindigarsa sai bayan an gama ta hito, 47 ɗin nan da ke cikin AK-47 ai shekara ce, 1947, kuma sai 1949 sojan Rasha sunka fara aiki da ita a hukumance. To ƙaƙa sojan 1940 zai riƙe abin da ba a haifa ba tukuna? Akwai dai wata ta Jamusawa da ta hito ƙarshe-ƙarshen yaƙin, StG 44, mai lanƙwasasshen gidan harsashi 30, in ka hange ta daga nesa sai ka rantse kalash ce, amma ta hotonku ko hanya ba su haɗa ba.

Na biyu, maganar Senegal. Sunan runduna ne fa, ba sunan ƙasar mutum ba. Gwamna Faidherbe ya kafa ta a Senegal a 1857 aka ce mata tirayar senegale, to sunan ya bi duk wani baƙar fata da Faransa ta ɗauka soja daga ƙasashenmu, ko daga Mali ne da ake ce ma Sudan lokacin, ko Burkina, ko Gine, ko Kodebuwa, ko Dahome, ko Cadi, ko nan Nijar. Bahaushe ne kai ko Bazabarme ko Mosi ko Bambara, a bakin Annasara kai Senegale ne, kamar yadda a kudancin Najeriya duk wanda ya hito arewa sunansa aboki. Mutumin hotonku yana iya zama ɗan Dakar, yana iya zama kuma ɗan Buza ko Keita ko Bagarwa. A yaƙin Faransa na Mayu da Yunin 1940 kaɗai kimanin 40,000 daga cikinsu sunka shiga wuta.

Ita kuwa bindigar, ku sake duba ta da kyau. Doguwa ce siririya, ta kusa kai ma mutumin kafaɗa, babu wani gidan harsashi da ya leƙo ƙasa, iccenta guda ne tun daga gindi har kusa da baki, ga wani ɗan ƙarfe mai kai kamar ƙwallo a gefen dama wanda ake ɗagawa a ja baya a tura gaba bayan kowane harbi. Wannan Berthier ce. Da Lebel ce da kun ga iccen ya rabu biyu da faffaɗan ƙarfe a tsakani. Kuma abin da zai ba ku mamaki, ƙirar Berthier ta 1907 musamman don waɗannan tirayar ɗin anka yi ta, sai da yaƙin farko ya yi zahi Lebel ta kasa isa sannan anka gyara ta anka raba ma sojan Faransa gaba ɗaya.

Yadda anka yi na san wannan ba a littafi na fara jinsa ba, kakana ne wanda ya haifi babana, Allah shi jiƙan shi, duk unguwa Baba Kafaran ake ce masa har sunansa na yanka ya ɓace. A 1938 anka ɗauke shi, ba shi ya kai kansa ba, kumandan ne ya yanka ma sarki adadin samarin da zai kawo, sarki ya yanka ma masu gari, su kuma masu gari ai ka san ba ɗiyansu za su bada ba, ɗan talaka da maraya da wanda ubansa ya taɓa gardama a kan bodo su ne a gaba. Ya ce tsirara anka tuɓe su likita yana duba haƙora yana ƙwanƙwasa ƙirji kamar mai sayen raƙumi a kasuwar Lahadi. Daga nan sai Yamai, sai bakin teku, sai jirgin ruwa wanda ya ce kwana ukku na farko bai san inda kansa yake ba don amai, har Marsai, sannan barikin Fereju da ke kudancin Faransa inda ake aje sojan Afirka saboda can sanyi da dama-dama.

Lokacin da na yi wayo, wajejen 1978 zuwa sama, akwai wani tsoho mai goro da ke zuwa daga Illelar Najeriya, ƙetaren Ƙonni, yana sauka gidanmu duk sadda ya zo cin kasuwa. Shi kuma sojan Ingila ne da, ya yi yaƙin Boma da Japanawa, Baba Boma muke ce masa. To Malam Edita in waɗannan tsohhi biyu sunka zauna a zaure bayan isha'i, mu yara ba mu zuwa dandali ranar, don mun san za a yi ta. Kullum a kan bindiga ake farawa. Baba Boma ya ɗauki sandarsa ya kafa a kafaɗa ya ce tasu tiri-no-tiri harsashi goma take ci, kafin ka ce kwabo ya zazzage su, yana yi yana kwaikwayon ƙarar da baki, karas-kas tau, karas-kas tau. Sai ya dubi kakana ya ce, kai taku nawa take ci ma? Kakana ya tauna goro ya yi shiru, can ya ce ukku. Sai dariya ta ɓarke, shi ko ya ce, to mi? Wanda ya iya harbi ukku sun ishe shi, ku da ba ku iya ba shi ya sa Ingilishi ya ba ku goma. Haka za su yi ta yi har goggo ta leƙo ta ce a bar mutane su yi kwana.

Da na girma na shiga karatu sai na tarar duk gaskiya suke faɗi. Lee-Enfield ta Ingila, wadda harsashinta ake ce ma .303, goma take ɗauka, ana cusa mata biyar-biyar sau biyu, kuma a cikin bindigogin da ake ja da hannu tana cikin waɗanda sunka fi saurin harbi. Berthier ta asali ukku ce rak, a cikin wani ɗan maƙalin ƙarfe da ake turawa gaba ɗaya, in harsashi na ƙarshe ya shiga sai maƙalin ya faɗo ta wata kafa a ƙasa, kuma ta wannan kafar laka da yashi ke shiga, shi ya sa a 1916 sunka fito da mai cin biyar da ɗan murhi. Lebel ta girme su duka, ta 1886 ce, ita ce bindigar soja ta farko a duniya da ta yi aiki da albarushi marar hayaƙi, a zamaninta ba ta da na biyu, amma harsashinta takwas ɗaya-ɗaya ake zura su cikin wani bututu a ƙarƙashin baki, ka ga kuwa mutum ana yi masa ruwan wuta yana zura harsashi kamar mai jan tasbaha. Tsawonta mita 1 da santimita 30, in an kafa mata banati, wani dogon tsinke mai kusurwa huɗu da sojan Faransa ke ce ma Rozali, sai ta fi mutum tsawo.

Wani abu da kakana ya sha faɗi wanda na ɗauka ƙari ne, wai bindigoginsu ba su da makulli. Ashe haka ne. Lebel da Berthier har da sabuwar da ta zo bayansu, MAS 36, babu wadda ke da abin kulle kunama, koyarwar Faransa ita ce kar ka sa harsashi a baki sai an ce ka sa. Ya ce akwai wani sarjan da in ya kama ka da harsashi a baki kana tahiya, mari ne da kwana takwas a kaso. Ita MAS 36 ɗin gajera ce, mita guda da kaɗan, biyar take ci, harsashinta sabo ne 7.5, banatinta a juye yake kwana cikin bututu ƙarƙashin baki, ƙirar garin Saint-Étienne. Ita ya kamata ta gaji tsohhin amma yaƙi ya riske su ba a ƙera da yawa ba. Kakana ya ce ya gan ta a hannun wasu, bai taɓa harba ta ba, sai bayan an samu ƴanci ya riƙa ganinta a kafaɗar ƴan sarki da sojojinmu a nan gida.

Nan wurin ina so in tsaya kaɗan, don na sha gani a Facebook ana cewa wai baƙaƙe kaɗai anka ba tsohhin bindigogi, Turawa kuma anka ba su sabbi. Ni ban yarda a yi ƙarya ba ko da a kan wanda muke hushi da shi ne. A 1940 dubban sojan Faransa farare, musamman waɗanda anka kira daga gida, da Lebel da Berthier sunka tahi, duk kanwar ja ce. Kuma shi kansa Bajamushe bindigar da yawancinsu ke riƙe da ita, Mauser 98k, da hannu ake ja, biyar take ci, ba wani abin tsafi ba ne. Bambancin yana wani wuri. Su Jamusawa kowane ɗan rukuni na mutum goma an gina shi ne a kan bindiga mai ruwa guda, MG 34, mai cin harsashi a ɗamara, tana zubar da wajen 800 zuwa 900 a minti, sauran duk masu yi mata hidima ne da kare ta. Ta Faransa, FM 24/29, bindiga ce mai kyau ƙwarai, kilo tara, amma gidan harsashinta da ke bisa kai 25 yake ɗauka, kana fara jin daɗi ya ƙare. Babbar tasu kuma Hotchkiss ta 1914, ita da ƙafafunta sun kusa kilo 50, sai da alfadari ko ƙarti. Kakana shi ne mai ɗaukar ma mai FM ɗin rukuninsu harsashi, ya ce har ya mutu kafaɗarsa ta hagu ba ta manta ba. Daga baya a 1942 Jamusawa sunka fito da MG 42 mai wajen 1,200 a minti, wadda ba a jin tau-tau sai dai kamar ana keta sabon ƙyalle.

Kuma in ka tambaye shi mi ya ci su, ba ya cewa bindiga. Sai ya ce, yaro, jirgi na, jirgin ga mai kuka. Stuka yake nufi, wanda ke sulmiyowa daga sama da jiniya. Da shi da tankoki da rediyo da ke haɗa su, su sunka karya Faransa cikin sati shidda, daga 10 ga Mayu zuwa 22 ga Yuni da anka sa hannun tsagaita wuta. Shi a wajen kogin da yake ce ma Lasom, wato Somme a arewacin Faransa, anka kama su, farkon watan Yuni.

Akwai makami guda da babu a hotonku amma kusan kowane tiraye na da shi a ƙugu, adda ce, su suna ce mata kupkup. Kayan aiki ce, sara icce da share wuri, amma in an haɗu gaba da gaba ana aiki da ita, kuma ita Jamusawa sunka riƙe a matsayin hujja suna cewa baƙaƙe dabbobi ne masu yanka mutane, farfagandar da sunka daɗe suna yi tun bayan yaƙin farko. Shi ya sa kamun baƙar fata a 1940 ba kamar kamun Bature ba ne. A Airaines ranar 7 ga Yuni sunka harbe kaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, don ya ƙi yarda a ware shi daga sauran hafsoshi farare. A Chasselay kusa da Liyon, 19 da 20 ga Yuni, sunka ware baƙaƙe gefe guda sunka buɗe musu wuta da bindigogin tanka, maƙabartarsu na nan har yau an gina ta da jan gini irin namu. Masu bincike sun ƙiyasta tsakanin 1,500 da 3,000 anka kashe haka bayan sun aje makami. Kakana ya ce da sunka ga an zagaye su, wani Bambara tsohon soja ya ce kowa ya jefa addarsa cikin rami tun kafin a iso, shi ya ce wannan shawara ce ta sa yake zaune yana ba mu labari, bayan ikon Allah. Bai cika son wannan wurin ba, in ya kawo nan sai ya ce a kawo masa buta.

Shekara huɗu ya yi a tsare, kuma ba a Jamus ba, a cikin Faransa, don Jamusawa ba su son baƙaƙe a ƙasarsu, sai sunka buɗe sansanoni a can inda sunka mamaye. Sara icce da aikin gona, da sanyi da tari. Léopold Senghor ma da ya zama shugaban Senegal a irin waɗannan sansanonin ya zauna.

A nan gida kuwa kakata ta ce ba ta san yana raye ba. Nijar lokacin tana ƙarƙashin gwamnatin Bishi ta Marshal Petan, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, ta hannun gwamna Boisson da ke Dakar, ita kuwa Cadi gwamnanta Félix Éboué ya bi Janar Dogol, jagoran Faransawan da sunka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agustan 1940, Najeriya ga ta nan ta Ingila, wato mu da ƴan'uwanmu na Sakkwato an wayi gari a takarda abokan gaba ne, sai ƙarshen 1942 anka koma gefe guda. Ta ce abin da ta fi tunawa tsadar tufa ne, da karɓar hatsi da bisashe da aikin tilas, wanda sai a 1946 anka soke shi. A daidai wannan lokaci Baba Boma yana can cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan, daji ne da duwatsu da ruwan sama wanda mota ba ta shiga, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma jirgi ke jefo musu. Bayan tiri-no-tiri suna da Bren, ita ma gidan harsashinta a bisa yake, 30 take ci, da ƴar ƙaramar Sten wadda ya ce kamar maƙerin Illela ne ya haɗa ta da bututun famfo, in ta faɗi ƙasa tana iya tashi da kanta. Hausa ce harshen bariki a wurinsu. Barikin Dodan na Legas da kuke ji a labarin juyin mulki, sunan wani wuri ne a Boma.

Amma abin da ya fi ci mini rai a duk tarihin nan ba tsufan bindiga ba ne. Bayan taron Kazablanka na Janairun 1943 Amurka ta ɗauki nauyin ba sojan Faransa na Afirka kayan yaƙi, tufafi da takalma da motoci da bindigogi, ko da yake mai kyan nan Garand mai harba takwas ba tare da an ja ba yawanci sojansu sunka riƙe ma, Faransawa anka fi ba su Springfield da Enfield na zamanin yaƙin farko. Da waɗannan kaya ƴan Afirka sunka sauka gaɓar kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944, sunka shiga yaƙin ƙwato Tulon, sunka yi arewa. To da kaka ta yi, an kusa kan iyakar Jamus, nasara ta fara ƙamshi, sai anka ce wai baƙaƙe ba su jure sanyi, anka janye su dubbai anka sa samarin Faransa a madadinsu. Kuma ba janyewa kawai ba, cewa anka yi su tuɓe, bindiga da hular ƙarfe da babbar riga duk su miƙa ma wanda ya zo jiya. Su da kansu Faransawa sunan da sunka ba abin shi ne farantawa, wato mai da runduna fara. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ke nan. Akwai wani tsoho ɗan wajen Keita da ke zuwa karɓar fansho tare da kakana, shi abin ya faɗa ma, na ji shi da kunnena yana cewa yaron da ya karɓi bindigarsa ko riƙe ta bai iya ba, shi ya tsaya ya nuna masa yadda ake kwance ta a share, sannan ya juya ya hau kamiyo da ƴar shara a jikinsa.

Sauran kun san shi, ko ya kamata a ce kun sani. Barikin Caroy (Thiaroye) kusa da Dakar, 1 ga Disamba 1944, tsohhin fursunoni irin su kakana da anka maido sunka ce a biya su kuɗinsu na shekarun da sunka yi a tsare kafin su watse, sai anka buɗe musu wuta da asuba. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35, daga baya anka ji 70, wasu masana na cewa ɗaruruwa, kuma sai a Nuwamban 2024 shugabanta ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Kakana ba ya cikin wannan jirgi, nasu ya zo daga baya a 1945, ya ce da sunka sauka ba wanda ya ce uffan a kan kuɗi, labari ya riga ya iske su.

Fansho kuma dokar 1959 ta daskarar da shi, na Bafaranshe yana hawa nasu yana nan inda yake, sai 2007 anka fara daidaitawa anka ƙarasa a 2011, shi kuwa ya rasu tun 1996. Ni na raka shi wani buro sau ya fi goma ina ɗan saurayi, da lambobinsa biyu a ƙirjin riga, mu zauna a benci tun hantsi har azahar a ce mai sa hannu ya hita, a dawo jibi. Ran nan wani ɗan yaro ma'aikaci ya ce masa tsoho takardarka ba ta cika ba, ya ce to ɗana, sadda anka ɗauke ni ba a tambaye ni takarda ba.

Yanzu ga inda nake so ku shigo. Ƴan lakwal ɗina sun san sunan bindigogi fiye da ni, daga wasannin waya, yaro ɗan aji ukku zai lissafa maka MP 40 da Thompson da PPSh mai faifan harsashi 71, amma in ka ce masa akwai mutumin unguwarsu da ya yi wannan yaƙin sai ya yi dariya ya ce mushe ai yaƙin Turawa ne. Alhali mu a jihar Tawa bindiga ba wasan waya ba ce, tun da Libiya ta watse a 2011 kalash ta cika daji, mun ga abin da ya faru a yankin Tiliya a watan Maris na 2021 inda anka kashe mutum 137 rana guda. A Yamai an sake ma wurare suna a Oktoban 2024, titin Dogol ya koma Djibo Bakary, ni ban da ja a kan wannan, amma ina tsoron garin goge sunan Annasara mu haɗa da namu tsohhin mu goge, mu ce ai sojan Faransa ne. Ba su sunka kai kansu ba.

Kusan duk sun rasu, abin da ya rage takardunsu ne, ɗan littafin soja da kati da lambobi da hotuna, suna cikin adaka da tsohhin akwatunan ƙarfe a ɗakunan tsohhi mata, gara na ci. Na kakana da na buɗe bara, daidai wurin da anka rubuta lambar rundunarsa gara ta cinye, saura shekara da tambarin likita da rabin sunan garin da anka kama shi. Ina roƙonku ku ware ko da rabin shafi ne sau ɗaya a wata, ku ce duk mai irin waɗannan takardu ya ɗauki hoto da waya ya turo muku ta WhatsApp da sunan garinsu da abin da ya ji daga bakin mai su, da Hausa, yadda anka faɗa masa. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu za su samu abin aiki, ni ma in kuna so zan riƙa duba muku hotunan in gaya muku wace bindiga ce, don sau da yawa daga bindigar da hular ake gane shekarar da anka ɗauki hoto, mai Berthier da hular ƙarfen Faransa da ake ce ma Adriyan yawanci na kafin 1943 ne, mai kayan Amurka kuwa daga 1943 ne zuwa sama.

Na haɗo muku hoton shafi biyu na littafin kakana da gara ta rage, da na lambobinsa. Shi kuma wancan hoto don Allah a bugu na gaba ku gyara rubutun ƙasansa, ku sa sojan Afirka ta Yamma a rundunar Faransa, riƙe da Berthier.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
jikan Baba Kafaran,
daga Tawa.